Baƙo Ya Zo, Ina Fage? Wasanni da Wuraren Shan Iska a Birnin Kano



Da aka aiko mini da takardar gayyata, aka ce in yi magana a kan wasanni da wuraren shaƙatawa waɗanda baƙo zai iya ziyarta a birnin Kano, sai wani abokin aikina ya yi dariya, ya ce ashe an rasa abin da za a ba malamin Hausa, tun da har an gangaro kan wasa. Ban ja da shi ba, domin na san inda maganarsa ta samo tushe. A bakin Bahaushe kalmar wasa ba ta da nauyi. In aka ce mutum ya ɗauki abu da wasa, to, an zarge shi ke nan. Amma kuma da wannan kalma mu ke kiran dambe, wanda a kan bar haƙori a ƙasa saboda shi, da ita mu ke kiran ƙwallon ƙafa, wanda ya kan hana gari barci. Saboda haka ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku, ko da a kan wasa ne.

Zan fara da labarin wani baƙo. A farkon shekarar 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wani Bature mai suna Hugh Clapperton ya sauka a Kano bayan ya ƙetaro Sahara ta Barno. A cikin littafin tafiyarsa, wanda aka buga a Ingila a 1826, ya faɗi cewa ya sha jin labarin 'yan damben Hausa, sai ya ƙosa ya gani da idonsa. Ya aiki baransa da dare, ya ce zai ba da wuri 2,000 in za a yi masa dambe da safe, amma da sharaɗin kada a yi na gaske, don yana tsoron kada wani ya mutu a dalilinsa. Gari na wayewa sai ga 'yan dambe da makaɗa, mahauta na biye da su. Mai kula da fage ya riƙa watsa wa 'yan kallo ƙasa don su ja da baya a sami fili. Abin da ya fi burge ni a cikin labarin shi ne, ya ce da labari ya bazu, 'yan mata suka bar tulunansu a bakin rijiya, 'yan kasuwa suka yar da kwandunansu, kowa ya sheƙo kallo.

Na fara karanta wannan labari ne a ɗakin karatu a Ingila, lokacin da na ke neman digirina na uku, kuma tun daga ranar bai bar zuciyata ba. Ku duba da kyau. Sunan damben ya riga baƙon isowa, ba wanda ya yi masa talla. Dare ɗaya ya isa a shirya, domin akwai fili a ƙofar gida, akwai kuma masu sana'ar a kusa. Sa'an nan, ko da ya ke baƙo ne ya biya kuɗi, mutanen gari ne suka cika fagen. Watau baƙon ya zo ya tarar da abin da masu gida ke so ne, ya raɓu da su ya sha kallo. Abin da na ke so in tabbatar muku yau ke nan: baƙo ba ya zuwa kallon abin da mai gida ya yar. Kuma wasannin da mu ke da su, abu biyu ne ke riƙe da su, watau fili da lokaci sananne. Dukkansu biyu suna zamewa daga hannunmu.

Shekara 200 bayan Clapperton, a 2024, wani abokin karatuna ya ziyarce ni daga ƙasar waje, shi ma ya ce dambe ya ke son gani. Ya tambayi masu karɓar baƙi a otal ɗin da ya sauka, suka dubi juna, ɗayansu ya ce masa wannan ai harkar 'yan tasha ce, ga gidan cin abinci na zamani in yana so. Direban a-daidaita-sahu ne ya fitar da mu kunya. Shi ya san wurin, ya san lokacin da a ke farawa, ya san wanda ya kashe wani jiya, ya kai mu dandalin Ado Bayero a Sabon Gari bayan la'asar. Na ji kunya ƙwarai, domin ni da ke koyar da al'adun Hausa sai da na yi tambaya.

Da muka zauna na ga wani abu kuma. Baƙon da ba shi da mai yi masa bayani, abin da zai gani kawai shi ne samari biyu suna zagaya juna, can sai a kai naushi. Sai an gaya masa cewa hannu ɗaya a ke naɗewa da ƙyalle da zare, shi ne na duka, ɗayan kuwa a buɗe ya ke don kariya da auna tazara. Sai an gaya masa turmi uku a ke yi, kuma wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, ko da ya tashi yana murmushi. Sai an gaya masa akwai ɓangarori, Kudu da Arewa, waɗanda a ke kira Jamus, da Guramada, kuma ihun da ya ke ji daga wancan gefe na 'yan ɓangare ne. Sai an gaya masa cewa asali sana'ar mahauta ce, da kaka a ke yin ta in an kawar da amfanin gona, kuma kalangun nan ba ado ba ne, sunan mutum ya ke kira, ya ambaci ubangidansa da waɗanda ya kayar, har jikinsa ya ɗauki tsuma. Wanda ya san abin da ke tsakanin Ɗan Anace da Shago ya san cewa rabin dambe a bakin mawaƙi ya ke. To, ɗalibaina na sashen Hausa, wa ya fi ku cancantar wannan aiki na bayani? Kullum kuna tambayata me za ku yi da digirin Hausa. Ga shi yau mutane a Amurka da Brazil suna kallon dambe a YouTube ba mai fassara musu.

Kada mu yi nisa wajen neman misali. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun ɗauki kokawa da muhimmanci tun 1975, lokacin da aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Takobi a ke ba gwarzo. Kowace jiha daga cikin jihohi 8 tana kawo 'yan kokawa 10, gasar tana zagayawa daga babban gari zuwa babban gari, kuma an gina wa kokawa fagenta na musamman a waɗannan garuruwa. Kokawarsu ba ta fi tamu asali ba, abu ɗaya ne, harshe ɗaya, kirari iri ɗaya. Bambancin shi ne su sun ba ta gida, sun ba ta rana. Mu kuwa muna da dambe da kokawa da langa a cikin gasar wasanni ta ƙasa, amma yawancinmu sai an dawo da lambobi mu ke jin labari.

Yanzu bari in juya ga babban abin da ke kawo baƙi Kano, watau hawan salla. Turawa suna kiransa durbar, kalmar da suka ɗauko daga Indiya, asalinta kuwa Farisanci ne, ma'anarta fada ko zaman fada. Da ita suka kira taron dawakin da aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925, da wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, aka kuma sake amfani da ita a bikin FESTAC na 1977. Waɗannan taruka ne da aka shirya domin baƙi. Hawan salla kuwa ya girme su nesa ba kusa ba, kuma ba domin baƙi aka ƙago shi ba. Tarihin Kano ya danganta kakaki da figini da takalman gashin jimina da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya gina gidan sarautar da har yanzu ke ɗauke da sunansa.

Tsarin hawan kansa darasi ne ga mai lura. Ranar salla sarki ya kan tafi idi a ƙasa, ya dawo a kan doki. Kashegari a yi hawan Daushe, ya je Babban Ɗaki gaida mahaifiya, ya zagayo ta cikin unguwanni, a ƙare a Ƙofar Kudu, inda hakimai ke zuwa jafi, kowa da tawagarsa, su sako dawaki a guje su ja linzami daf da gaban sarki, su ɗaga hannu. Rana ta uku hawan Nasarawa, a ziyarci gidan sarki na Nasarawa da gidan gwamnati, a biyo ta Sabon Gari da Fagge, don waɗanda ke zaune a wajen ganuwa su ma su ga sarkinsu. Sa'an nan a rufe da hawan Ɗorayi ko na Fanisau. Kowace rana tana da wanda a ke girmamawa: Mahalicci, uwa, hukuma, talakawa da baƙin gari. 'Yan lifidi da 'yan sulke da 'yan kwalkwali da baƙo ke ɗauka hoto, ragowar rundunar yaƙi ce ta da.

Kuma doki ba ya tafiya shi kaɗai. Bayan kowane mahayi akwai baduku da ya ɗinka kayan fata, da maƙerin da ya ƙera linzami da likkafa, da mai sirdi, da mai jalala, da mai ɗinkin alkyabba, da mai naɗin rawani, da mai sayar da harawa da dusa, da yaron da ke fita da dokin kilisa da yamma don kada ya yi nauyi. Waɗannan mutane salla biyu su ke jira a shekara.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano a cikin jerin al'adun da duniya ta gada, kamar yadda ta sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Mun yi murna, kuma murnar ta dace. Amma a 2020 annobar korona ta hana hawa. A babbar sallar 2024 hukumomin tsaro sun hana shi saboda rikicin sarauta, haka kuma aka sake hanawa a ƙaramar sallar 2025, watau salla ta farko bayan samun wannan daraja. Ba wannan ne wurin da zan ce wane ke da gaskiya ba, kuma ban raina dalilin tsaro ba, domin rai ya fi kallo. Abin da ya shafi maganarmu shi ne wannan: mutumin da zai taso daga Legas ko Alƙahira ko London, watanni kafin salla ya ke sayen tikiti. Ranar salla ba ta ba shi wahala, tun da ya san tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, saɓanin ganin wata kuwa bai wuce kwana ɗaya ko biyu ba. Abin da ba zai iya lissafawa ba shi ne sanarwar da za ta fito ana saura kwana uku. In ya yi asara sau ɗaya, ba shi kaɗai muka rasa ba, har da duk wanda zai ba labari. A garin Siena na ƙasar Italiya akwai sukuwar unguwanni da a ke yi a dandalin tsakiyar gari. Zagaye uku ne, ba ta cika wuce minti ɗaya da rabi ba, amma kowa ya san ranar 2 ga Yuli ce da 16 ga Agusta, saboda haka a ke cika garin. Namu hawan kwanaki ne, dawakinmu sun fi nasu yawa ninkin ba ninkin. Tabbacin rana kawai suka fi mu.

Ba zan daɗe a kan ƙwallon ƙafa ba, don kun fi ni saninsa. Raccah Rovers ta ɗauki kofin lig na ƙasa a 1978. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauka a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar. Filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na cin kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Baƙon da ya zauna a cikin 'yan kallo ranar da Masu Gida ke wasa ya ga Kano fiye da wanda ya kwana uku a otal. Sai dai tilas in faɗi gaskiya, ranar da aka yi jifa, ko aka tare motar baƙi, to, an rushe abin da aka shekara ana ginawa. Akwai kuma folo, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya raya a ƙasar Hausa, ɗansa Usman Nagogo ya shahara a kansa, akwai sukuwa. Af, kafin in manta, jiragen sama na farko da suka sauka a Nijeriya, a 1925, a filin dawakin Kano suka sauka. Da an riga an yanka shi fuloti-fuloti, da sai su nemi wani gari.

Wannan ya kawo ni kan fili, kuma a nan ne na ke so ma'aikatan gwamnati su gyara zama. Bahaushe yana da kalmomi da dama na fili: dandali, inda 'yan mata ke gaɗa samari ke langa da farin wata; fage, inda a ke karawa; ƙofar gida, inda dattawa ke dara; bakin kasuwa, inda mahauta ke hawan ƙaho. Harshe ba ya tara kalmomi a kan abin da masu shi ba su damu da shi ba. To, ɗalibai, kowa ya tuna unguwarsu. Ina dandalin da yayyenku suka yi wasa? Shago ne yanzu, ko gidan mai, ko wurin ajiye motoci. Filayen makarantun firamare, inda 'yan ƙwallonmu suka koyi taka leda, an zagaye da yawansu da kantuna. Kududdufan birni, waɗanda daga cikinsu aka haƙi ƙasar gina gidaje, su ne kuma ke shanye ruwan sama, an cike su an yi gini, sa'an nan damina ta zo mu yi ta mamakin ambaliya.

Ganuwa ita ce babbar asara. Tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wajen ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Wanda ya bi titin da ya taso daga Ɗan'agundi ya wuce Na'isa da Gadon Ƙaya zuwa Kabuga, zai ga inda ta saura kamar tudu, da inda aka ɗebe ƙasarta, da inda gini ya hau kanta. Tsohuwar Ƙofar Na'isa ma an rushe ta a 2010 domin faɗaɗa titi. Da an bar ko taku 20 a gefen ganuwar nan, aka dasa darbejiya da tsamiya, aka yi 'yar hanyar ƙafa da ta keke, da Kano ta sami wurin shan iska da babu irinsa a Afirka ta Yamma, kuma da masu hawan jini da ciwon sukari da likita ke ce wa su riƙa tafiya da safe sun sami inda za su taka ba tare da tsoron mota ba. Kowane fili da ya salwanta, akwai fayil ɗinsa, akwai wanda ya rubuta cewa ba shi da wata hujja ta ƙi, akwai wanda ya sa hannu. Wasu daga cikin masu waɗannan hannuwa suna cikin ɗakin nan, wasu kuma, ku ɗalibai, nan da shekara goma ku ne.

Ba a taɓa rasa masu tunani a kan wannan ba. Marigayi Audu Baƙo, gwamnan Jihar Kano na farko, daga 1967 zuwa 1975, shi ya kafa gidan namun dajin da ke ɗauke da sunansa, a zamaninsa aka yi madatsar ruwa ta Bagauda da otal a gefenta, aka yi ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ita ma da masaukinta a kan dutse. Ga kuma dajin Falgore a kan hanyar Jos. Tunani ne mai nisa, kuma ruwan Tiga har gobe yana ciyar da manoman Kadawa da Kura. Amma ku lura da abin da ya faru. Gidan zu, da ya ke cikin gari ya ke, talaka na iya zuwa da 'ya'yansa da kuɗin mota kaɗan, har yanzu ba ya rabuwa da jama'a, musamman da salla. Otal ɗin Bagauda kuwa, wanda ya dogara da Turawa da manyan ma'aikata masu mota, da ƙafarsu ta ɗauke sai ya rasa masu zuwa, yanzu harabar makarantar horar da lauyoyi ce. Maganar Clapperton ce ta sake dawowa: wurin da mai gida ke zuwa shi ke rayuwa.

In za a farfaɗo da yawon bakin ruwa, kuma ya kamata, domin ganin Tiga a ƙarshen damina abin so ne, to, a fara da tsare rai. A ƙarshen 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, mutane da yawa suka rasu, akasarinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Kada a sa baƙo ko ɗan gari a kwalekwale sai da rigar hana nutsewa da ƙayyadadden adadin fasinja, a kuma gaya wa masu sha'awar iyo gaskiya game da cutar tsargiya.

Akwai waɗanda ban ambata ba, ga su kuwa sun cika rabin ɗakin nan. 'Yar Bahaushiya ta da tana da dandali, tana da gaɗa da carabke. Ta yau, in ba a makarantar kwana ba, ina za ta motsa jiki? Wuri killatacce na mata zalla, da masu kula mata, bai saɓa wa addini ko al'ada ba, kuma baƙon da ya zo da iyalinsa zai tambaya.

Abin da na ke roƙo ba ya bukatar kwangila. Na farko, takarda ɗaya tak, da Hausa da Turanci da Larabci da Faransanci, a ajiye ta a filin jirgi da otal-otal da tashoshin mota, a sa ta a intanet: ga inda a ke dambe da lokacinsa, ga ranakun wasan Pillars a gida, ga lokacin folo da sukuwa, ga ranar Takutaha da jama'a ke hawa Dala, mako ɗaya bayan Mauludi. A gaya wa baƙo cewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin yawo a ƙasa, in ya iya jure ƙurar hunturu, kuma a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, kada ya fita da tsakar rana. Na biyu, kowace ƙaramar hukuma ta birni ta ƙirga filayen wasan da suka rage mata, a auna su, a buga su a gazet, a kafa allo a bakin kowanne, domin filin da ba shi da takarda shi ne a ke wayar gari a ga an zuba masa bulo. Ɗalibanmu za su iya yin ƙirgar a hutu ɗaya, in an ba su kuɗin mota.

Ni dai na fara nawa. Ranar Asabar mai zuwa zan fita da 'yan ajina na shekarar ƙarshe. Za mu haɗu a marinar Ƙofar Mata da ƙarfe 6:30 na safe, mu taka zuwa Gidan Makama da Ƙofar Kudu, mu ratsa kasuwar Kurmi ta wajen masu kayan doki, mu ƙare a kan Dala, inda tarihi ya ce Barbushe ya zauna. Daga can kowane ɗalibi zai nuna mini unguwarsu, ya kuma nuna mini fili ɗaya da ya rage a cikinta, mu rubuta. Duk wanda ke so a cikinku yana iya biyo mu, har da abokin aikina mai dariya. A sa takalmi mara santsi, a riƙo ruwan sha, domin matakalar Dala ba ta san darakta ba.